Joe Heaney, mawaƙin Irlanda da ya ƙi a yi masa kiɗa

Tarihin da muka kawo muku yau na wani mawaƙi ne na ƙasar Irlanda, sunansa Joe Heaney. Mutanen garinsu suna ce masa Joe Éinniú, a takardun harshensu kuwa ana rubuta Seosamh Ó hÉanaí. Waƙoƙin da ya riƙe a ka sun kai 500, wasu da harshen Gelik na kakanninsa, wasu da Ingilishi. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, mutumin nan ba shi da makaɗi, ba shi da ƴan amshi, bai kuwa nemi ko ɗaya ba har ya mutu. Duk inda makaɗa suka taru aka ce ya yi waƙa, abu guda yake bukata gare su, su aza kayan kiɗansu bisa cinya su saurara. Wanga hali ya jawo masa girma, ya kuma jawo masa wulaƙanci.

Irlanda tsibiri ne da ke yamma da Ingila. An haifi Heaney cikin watan oktoba na shekara ta 1919, a wani ƙauye kusa da Carna cikin yankin Connemara, kimanin kilometir 80 yamma da birnin Galway. Ƙasa ce ta duwatsu da fadamu da yawan ruwan sama, mutanenta masunta ne, suna kuma noman dankalin Turawa a ƴan gonaki tsakanin duwatsu. Babbar yunwa ta 1845 zuwa 1849 ta kashe kimanin mutum miliyon ɗaya a Irlanda, ta kori wani miliyon zuwa ƙetare. Tun daga nan harshen Gelik ya yi ta ja da baya gaban Ingilishi, har ya saura a ƴan lunguna na bakin teku. Carna na cikin lungunan nan. Nisa da talauci suka tsare mata harshenta, suka tsare mata waƙoƙinta.

Da hunturu, sa'ad da dare ya yi tsawo, maƙwabta kan taru a ɗaki guda bakin murhu. Ba icce suke ƙonawa ba, wata baƙar ƙasa ce da suke haƙowa daga fadama su shanya. A nan ake tatsuniya, a nan ake waƙa. Mahaifin Heaney yana cikin masu yin duka biyu, yaron kuwa tun yana ƙarami yake kwasa, ko da yake kunya ta hana shi buɗe baki gaban jama'a sai da ya kusa shekara 20. Kayan kiɗa sun yi wuya a ƙauyukan nan. In an so rawa ba mai goge, sai wani ya yi kiɗan da bakinsa, mutane su taka.

Irin waƙar da ya gada ana ce mata sean-nós, wato tsohon salo, kuma tana da ladabinta. A harshensu ba a ce wa mutum ya rera waƙa, cewa ake ya faɗi waƙa, domin labarin da ke ciki shi ne gaba. Kafin ya fara sai ya ba da tushenta, wa ya yi ta, me ya same shi, jirgin wa ya nutse, ƴar wa aka hana wa aure. Sa'an nan ya zauna a kusurwa, ya rufe ido ko ya ja hula bisa goshi, wani ma fuskarsa yake juyawa ga bango. Ba ya ɗaga murya inda baƙin ciki ya yi tsanani, ba ya wasa da fuska don ya burge kowa. Wanda ke kusa da shi ya kan kama hannunsa yana juyawa a hankali har waƙar ta ƙare. Riƙon hannun nan shi ne dukan rakiyar da ake yi wa mawaƙi a Connemara. Tsakanin baiti da baiti wani ya jefa masa gajeriyar addu'a don ƙarfafa zuciya, shi ke nan. In ya zo ƙarshe sai ya faɗi kalmomin ƙarshe da muryar magana, kowa ya gane an gama.

To, me ya sa ba a yi wa wannan waƙa kiɗa? Sai mun tsaya nan kaɗan, don wanda bai gane wannan ba zai ɗauka Heaney mai girman kai ne kawai. Mai kaɗa jita yana raba lokaci daidai wa daida, kamar mai awon hatsi da tiya, ko wace tiya irin ƴar'uwarta. Waƙar Connemara ba ta da wannan awo. Numfashin mawaƙi da nauyin kalmomi su ke jan ta. Ya kan tsaya bisa gaɓa ɗaya ya lanƙwasa ta, ya yi mata ado da ƙananan muryoyi huɗu ko biyar, sa'an nan ya wuce sauran kalmomin da sauri kamar mai zance. Adon da ya yi wa baiti na farko ba shi zai yi wa na biyu ba, na gobe kuma ba zai zama na yau ba. Heaney ya sha gaya wa ɗalibansa cewa waƙar tana da bugu irin na jijiya a hannun mutum, ba irin na ganga ba. Bayan wannan, an ɗaure jita bisa matakan murya ƙayyadaddu, wasu muryoyin tsohuwar waƙa kuwa tsakanin matakan suke faɗawa. Kuma mawaƙi yana ɗaukar waƙa inda maƙogwaronsa ya yarda a daren nan, ba inda tsirkiya ta ce ba. Ke nan wanda ya shiga da jita ba a gayyace shi ba, ɗayan biyu zai yi: ko ya ja mawaƙi zuwa awonsa, adon ya zube, ko ya yi ta tuntuɓe a bayansa, jama'a su bar sauraron labari su koma jin tuntuɓen.

Yana saurayi ya ci jarrabawa, aka kai shi lakkol ta shirya malamai a Dublin, babban birnin ƙasar, amma bai kammala ba, ya komo gida. A shekarun nan ne hukumar tattara al'adun gargajiya, wadda gwamnati ta kafa a 1935, ta aiko wani matashi mai suna Séamus Ennis yana yawo bisa keke da takarda da alƙalami. Daga bakin mutum guda na yankin Carna, Colm Ó Caodháin, wanda dangin Heaney ne, Ennis ya rubuta waƙoƙi da kiɗe-kiɗe fiye da 200. Heaney shi ma ya shiga gasar Oireachtas, babban taron shekara na masu harshen Gelik, har ya ci lambar zinariya a 1955. Daga 1957 zuwa 1961 ƙungiyar Gael Linn ta buga faya-fayan garmaho guda 20, muryarsa na ciki. Tsarin faya-fayan ya bi al'adar ƙauye: mawaƙi shi kaɗai, makaɗi shi kaɗai, ba a gama su ba.

Amma lambar zinariya ba ta cika tukunya. Kamar dubban samarin yammacin Irlanda, shi ma cin rani ya tafi, ya yi aikin lebura a Skotland da Ingila. Ya yi aure a Clydebank kusa da Glasgow, suka haifi ƴaƴa huɗu, daga baya ya bar su bai koma zama da su ba. Matarsa ta rasu a 1966. Waɗanda suka rubuta tarihinsa ba su ɓoye wannan ba, mu ma ba mu ga dalilin ɓoyewa ba. Mutumin da ya tsare haƙƙin waƙa har ƙarshen ransa, bai tsare haƙƙin gidansa ba.

A Landan ne ya tarar da wani sabon abu. Bayan yaƙin duniya na biyu leburorin Irlanda sun cika unguwanni irin su Camden Town suna aikin gine-gine. Ɗakunan haya ƙanana ne, ba murhun da za a kewaye, saboda haka mashaya ta zama dandalinsu. Daga ƙarshen shekarun 1940 makaɗa suka fara zama a kusurwar mashaya, kewaye da tebur guda, ba dakali, ba kuɗin shiga, ba wanda aka naɗa shugaba. Mai goge ya zo, mai sarewa ya zo, mai akordiyon da mai banjo, daga baya jita ta shigo, da wani bandiri nasu na fatar akuya da suke kira bodhrán. Wani ya ɗauko kiɗa, duk wanda ya san shi ya bi. Wannan zaman kiɗa shi ne ya koma Irlanda ya bazu, yau ana yin sa a birane da yawa na duniya. Mafi yawan abin da ake kaɗawa kiɗan rawa ne mai sauri. Mawaƙin tsohon salo da ya shigo nan, ya shigo ne cikin hayaniya, tsakanin mutanen da hannuwansu ke ƙaiƙayin kiɗa.

Dole aka sami ladabin zama, ko da yake ba a rubuta shi a takarda ba. In an roƙi wani ya yi waƙa, sai a nemi jama'a su yi shiru, mai sayar da abin sha ma ya rage ƙarar kofuna. Makaɗa su ajiye kaya. Mai jita ba ya shiga sai mawaƙi ya ce ya shiga, in kuwa yana so ƙwarai, ya tambaya tun kafin a fara, in an ce a'a ya haƙura ba fushi. In an yarda masa, shi ne a baya: ya saurari baiti na farko tukuna, ya nemi muryar da mawaƙi ya ɗauka da sassauci, ya tsaya inda ya tsaya, kada ƙararsa ta rufe kalmomi. Abin da ya fi ɓata wa mawaƙa rai shi ne mai laluben tsirkiya yana neman murya alhali waƙa ta yi nisa. Jita biyu ko bandiri biyu a lokaci guda ba a son su. Amshi ma sai waƙar da ke da amshi, kuma da irin saurin mai waƙar, ba irin wanda aka ji a faifai ba. In ya manta kalma, wanda ya sani ya raɗa masa, kada ya karɓe waƙar. Akwai kuma wata tsohuwar kunya da ta taso tun daga ƙauye: ba a yin waƙar da aka san wani da ita yana zaune a wurin.

Mawaƙi shi ma da nasa. Ba ya katse kiɗa a tsakiya, sai ya jira an sauke. Ya yi ɗaya ya bar wa makaɗa fili, don sun ajiye kayansu ne saboda shi, shirun nan kuwa bashi ne. Wanda ya jera doguwa uku a jere ya cinye daren mutane. In yana son kiɗa ya faɗi muryar da zai ɗauka, kada ya bar makaɗi cikin duhu sa'an nan ya zarge shi.

Ba Heaney ya kafa waɗannan ƙa'idodi ba, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Amma yana cikin waɗanda suka sa aka gane dalilinsu, domin wanda ya taɓa jin sa cikin shiru ba ya bukatar a yi masa bayani. A Landan ya sami masu saurare a kulob na mawaƙa da Ewan MacColl da Peggy Seeger ke jagoranta, inda ƙa'ida ita ce kowa ya yi waƙar ƙasarsa da harshensa. Kamfanin Topic ya fitar masa da faifai a 1963. A 1964 MacColl da Seeger suka zaunar da shi gidansu suka ɗauki waƙoƙinsa da bayaninsa a rakoda, abin da aka buga sai a shekara ta 2000.

A gida kuwa al'amari ya juya wata fuska. A 1961 wasu ƴan Irlanda mazauna Amurka, ƴan'uwan Clancy tare da Tommy Makem, suka fito a telebijin na Amurka da jita da banjo, suna waƙoƙin ƙasarsu da ƙarfi da sauri, jama'a na tafi suna amshi. Nan da nan abin ya kama. Samari a Dublin suka sayi jita, ko wace mashaya ta sami ƙungiyarta. A mashayar O'Donoghue ne ƙungiyar Dubliners ta kafu a 1962, a nan kuma Heaney ya kan zauna in ya zo birnin. Makaɗan nan sun san ko shi wane ne, suna girmama shi, suna koyon waƙoƙi wurinsa. Jama'ar da ke biyan kuɗin shiga su ne ba su sani ba. Ga da yawa daga cikinsu harshen Gelik alamar talauci ne da ƙauyanci, mutum ɗaya tsaye ba kiɗa yana jan baiti goma kuwa ɓata lokaci ne. Ana ba da labarin wani wasa a Dublin inda aka yi masa ihu har ya sauka. Da ya so, da ya ɗauki mai jita, ya gajarta waƙoƙin, ya ƙara musu sauri, ya ci abinci kamar kowa. Bai yi ba.

Dubi abin da ya faru da waƙa guda. Akwai wata waƙar ban dariya bisa wani mashayi da ke komowa gida ko wane dare yana tarar da kayan baƙo, matarsa na yi masa wayo. Ƴan Dubliners sun koye ta daga bakin Heaney, suka sa mata kiɗa, suka buga ta a 1967 da sunan Seven Drunken Nights. Radiyon gwamnatin Irlanda ya hana sa ta, amma ta kai matsayi na 7 cikin faya-fayan da aka fi saye a Ingila, ta ɗaukaka ƙungiyar. A wannan shekara mai waƙar yana tsaye bakin ƙofar wani bene a Amurka yana buɗe wa masu kuɗi ƙofa.

Duk da haka, a ganinmu, ba daidai ba ne a mai da masu jita abokan gaba cikin wanga labari. Waƙar mashayin nan tana da awo, tana da amshi, kiɗa bai cuce ta ba. Ba ko wace waƙa ce ta tsohon salo ba. Kuma dubban matasa da suka shigo ta ƙofar jita, wasunsu sun ci gaba har suka isa ɗakin su Heaney, waɗanda da ba su taɓa jin labarinsa ba. Ƴan'uwan Clancy ɗin nan kuma su ne abokansa, su suka yi masa hanya zuwa bikin waƙoƙin gargajiya na Newport a Amurka cikin watan yuli na 1965. Bikin nan ne Bob Dylan ya hau dakali da jitar lantarki, jama'a suka rabu biyu, wasu na tafi wasu na ihu. A taro ɗaya ke nan aka ji mafi ƙarar kiɗa da kuma mutumin Carna da muryarsa tsirara. Matsalar ba kayan kiɗa ba ce, matsalar makaɗin da bai san waƙar da za ta ɗauki kiɗa da wadda ba za ta ɗauka ba.

A 1966 ya ƙaura Amurka gaba ɗaya. Ya sami aikin tsaron ƙofa a wani babban gida mai lamba 135 a titin Central Park West na birnin New York, ya yi shekaru yana yi. Ran hutu ya je bukukuwa da jami'o'i ya yi waƙa. Gael Linn ta fitar masa da manyan faya-fayai biyu, a 1971 da 1976, duka ba kiɗa.

Wani abin mamaki ya faru a 1979. Akwai wani Ba'amurke mai tsara kiɗan zamani, John Cage, wanda ya shahara da gwaje-gwaje. Ya shirya wani aiki na sa'a guda mai suna Roaratorio domin wata tashar radiyo ta Jamus, bisa wani littafi na marubucin Irlanda James Joyce. An haɗa shi a Paris. Cage yana karatu, a lokaci guda ana jin ɗaruruwan ƙararraki da aka ɗauko daga wurare dabam-dabam, kukan jarirai, haushin karnuka, ruwa, ƙararrawa, ga kuma makaɗan Irlanda, cikinsu har da Séamus Ennis mai keken nan da algaitarsa ta salka, da Paddy Glackin mai goge. Heaney, wanda bai yarda da jita guda ba, ya yarda ya yi waƙa cikin wannan kasuwa. Da fari abin kamar saɓani ne. Amma a tsarin Cage ba mai bin wani, ba mai jan wani. Kowa na yin nasa da nasa awon, kamar yadda mai talla da maƙeri da ladan ke tashi a unguwa ɗaya ba wanda ya jira ɗan'uwansa. Ba wanda ya taɓa numfashin waƙarsa. Ashe abin da yake gudu ba ƙara ba ce, linzami ne.

Ƙarshen rayuwarsa ya koma malami. Ya koyar a jami'ar Wesleyan, sa'an nan jami'ar Washington da ke birnin Seattle ta ɗauke shi. Wanda bai gama lakkol ta malamai ba, ga shi yana koyar da ƴan jami'a. Yadda aka koya masa haka ya koyar: ya ba da tushen waƙa, ya faɗe ta, ɗalibi ya maimaita, ba takardar kiɗa, ba kayan kiɗa. Ya kan hana su gaggawar yin ado, sai sun riƙe labarin tukuna. A 1982 gwamnatin Amurka ta fara ba da wata lambar girma ga masu riƙe da fasahar gargajiya, mutum 15 aka zaɓa a karon farko, yana cikinsu.

Ciwon huhu ya kama shi, ya rasu a Seattle ran 1 ga watan mayu na 1984, yana da shekara 64. Aka kawo gawarsa da jirgin sama, aka binne shi a wata maƙabarta ta bakin teku kusa da Carna. Jami'ar Washington ta adana muryarsa da darussansa da ɗalibai suka ɗauka, an kuma sa da yawa daga ciki a intanet. Liam Mac Con Iomaire ya rubuta tarihinsa da harshen Gelik a 2007, Sean Williams da Lillis Ó Laoire suka rubuta wani da Ingilishi a 2011, a 2017 kuma Pat Collins ya yi fim bisa rayuwarsa. Mutanen Carna suka kafa biki da sunansa, ana yin sa wajen farkon watan mayu. Makaɗa kan zo da goge da sarewa su yi nasu, in an kira mawaƙi su ajiye.